Fulawar Hajiya Tabawa a Birnin Ƙurya

A garin Malumfashi, can bayan tsohuwar tasha, an yi wata mata da ta firgita aljannu da butar shayi. Sunanta Hajiya Tabawa. Ta yi shekaru tana shugabar makarantar firamare, ta yi ritaya, amma muryarta ba ta yi ba. Har yanzu in ta ce "Kai!" a bakin ƙofa, magidanta masu furfura kan gyara tsayuwa, su saci kallon farcensu ko da datti.

Abin da ya haɗa ta da mutanen ɓoye kuwa irin fulawa ne. Aminiyarta Malama Rifkatu, wadda suka yi koyarwa tare, ita ta ƙulla mata shi a leda daga lambunta na Jos, ba da daɗewa ba kuma Allah ya yi mata rasuwa. Magada suka sayar da lambun, aka share shi aka jera shaguna. Saboda haka, a iya sanin Hajiya, abin da ke cikin ledar nan shi ne ƙarshen wannan iri a duniya. Shukar farko kajin maƙwabta suka tone. Ta biyu akuyar liman ta kiwace, Hajiya ta je har zaure ta karanta wa liman haƙƙin maƙwabtaka, shi da ya saba karanta wa mutane. Abin da ya rage 'yan ƙwayoyi ne da ba su cika tafin jariri ba.

Wannan karon ba ta yi wasa ba. Ta tankaɗe yashi, ta cuɗa shi da jar ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki. Ta sa kan farce ta yi 'yan ramuka marasa zurfi, ta ajiye ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, ta barbaɗa ƙasa sama-sama. Ta huda gindin gwangwani da ƙusa don ruwa ya riƙa sauka kamar yayyafi. Ta kewaye wurin da ƙaya, ta ɗaura tsohon gidan sauro a sama.

Maƙwabciyarta Delu ta leƙo ta kan katanga, ta ce, "Hajiya, me aka binne ne haka ake gadi kamar banki?"

"Fulawa na shuka. In Allah ya raya ta, sai na cika gidan nan da ita."

"Ana miya da ita?"

"Ba a yi."

"To magani ce?"

"Kallo ake yi, Delu."

Delu ta jinjina kai irin na wanda ya je duba mara lafiya, ta ce, "Allah ya ba da sauƙi. Ni da wurin nan nawa ne, da yakuwa na watsa."

Kwanaki suka shuɗe, ƙasa ta tsattsage, 'yan tsiro suka leƙo da kunnuwa bibbiyu, kore shar. Hajiya ta riƙa shan kokonta a gabansu kullum da safe. Rannan ta fito da gwangwaninta, sai ta tarar da wayam. Ƙaya tana nan yadda ta ajiye ta, gidan sauro ko ɓula babu, ba sawun kaza, ba na akuya. An ɗebe kowane tsiro da 'yar ƙasarsa, aikin tsabta, a tsakiya kuma ga wani rami mai faɗin faifai, sanyi da ƙamshin turare na fitowa daga ciki.

Da wata macen ce, da ta ruga wajen malam. Hajiya Tabawa ta shiga kicin ta ɗora buta. Kowa ya sani tun yana yaro, ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla da ƙarfi, don 'ya'yan mutanen ɓoye su ji su kauce. Da rana ta take tsaka, ruwa ya tafasa, ta zo ta tsaya a bakin ramin ta karkata butar.

"Ku na ƙasa, ku saurara. Tun ina budurwa ko ruwan tsane taliya ban taɓa zubarwa ba sai na sanar da ku. Yau a zuci zan yi bisimillata, ba mai ji. Wanda ya ƙone, ya tambayi ɓarawon gidansu."

Kafin ɗigon farko ya sauka, wani tsoho ya yi tsalle ya fito daga ramin, tsawonsa bai wuce taɓarya ba, ya soke gemunsa a ɗamara, ƙafafunsa na kallon baya. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ya ke 'yar Adam, mayar da fushinki kube! Ni ne Duƙusa, Shamakin Sarki Gandau, mai mulkin Birnin Ƙurya da abin da ke ƙarƙashinsa. Ba sata aka yi ba. Fada ce ta buƙaci abin, aka ɗauka."

"Haka su ma na sama suke cewa. Ina shukata?"

"Tana cikin daraja da tsaro a fadar Sarki. Za a saka miki da zinariya."

"Ka ga na yi kama da mai kanti? Wuce gaba, muje."

Duƙusa ya ce tafiyar akwai halaka, bil'adama ba ya zuwa ya dawo yadda ya tafi. Hajiya ta ce ta taɓa zuwa ofishin ilimi neman ƙarin girma, ba abin da zai nuna mata. Ta sauke butar, ta yafa mayafi, ta sa wa ƙofa kwaɗo, ta zura ƙafa cikin ramin.

Suka sauka a wata ƙasa wadda ba ta da sama. Rufinta duk saiwoyi ne, na kuka da na tsamiya da na darbejiya, suna reto kamar igiyoyin guga, suna ta gulma ƙasa-ƙasa. Ba su yi nisa ba wata saiwa mai kaurin cinyar raƙumi ta zuro ta naɗe ƙugun Hajiya, ta ɗaga ta sama har takalminta ɗaya ya faɗi.

"Ya ke mai zuwa daga haske," in ji saiwar, "ni ce tushen kukar bakin kasuwa. Tun kafin a haifi kakanki nake ciyar da itacen da ke samana, ban taɓa ganinsa ba. Faɗa mini yadda yake, ko in raba ki biyu."

Duƙusa ya riƙa raɗa daga ƙasa, "Ki ce sarakuna ke hutawa a inuwarsa! Ki ce ana masa kirari!"

Hajiya, numfashi na ƙwace mata, ta ce, "An lulluɓe jikinki da hotunan 'yan siyasa, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Mai faci ya buga miki ƙusa ya rataya taya. Ta bayanki kuma, nan 'yan kasuwa ke tsugunawa."

Saiwar ta ƙara matsewa, sannan ta yi ajiyar zuciya ta sassauta.

"Na daɗe ina zargin haka," in ji ta, "saboda ɗanɗanon ruwan. Duk wanda ya wuce sai ya ce mini sarakuna. Je ki, ke kaɗai ce ba ki raina mini hankali ba."

Hajiya ta sa takalminta, ta ce wa Duƙusa in ya sake koya mata ƙarya sai ta sa shi kamun kunne a gaban jama'arsa.

Daga nan suka iso Kogin Tafasa, inda duk ruwan zafin da 'yan Adam suka zubar ba sanarwa yake taruwa, ruwan wanke kai, da na figar kaza, da na dafa ganyen zazzaɓi. Yana ta zaɓalɓala, tururi ya rufe ɗaya gaɓar. Mai fito wani ƙato ne da kansa ya saluɓe fes, jirginsa kuwa ɓarin ƙwarya. Ya dubi Hajiya kamar ita ta ƙona shi da hannunta.

"Ya ke 'yar masu ƙona mu, jirgina ba ya ɗaukar mita. Duk kalmar ƙorafi da ta fito daga bakin fasinja, sai ya nutse da kaurin yatsa. Shiga, in kina iyawa."

Duƙusa ya dubi Hajiya, ya dubi kogin, ya fara salati. Suka shiga. Ba su yi nisa ba ta ce, "Wannan wane irin jirgi ne ko wurin jingina babu?" Ƙwarya ta yi ƙasa. Ta ce, "To ai gaskiya na faɗa!" Ta ƙara yin ƙasa, ruwa ya lashi gefen zaninta, ta ji zafin har tsakar ka. Sai ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije.

Mai fito ya lura, ya rage tuƙi. Ya ce wa Duƙusa, kamar hira, ya ji labarin malaman makaranta ba abin da suke yi sai cin gyaɗa da sa yara ɗebo musu ruwa. Ya ce matan yanzu ba su iya tuwo ba. Ya ce wanda ya bar tsiro a tsakar gida ba gadi, ai kyauta ya bayar. Idanun Hajiya suka kaɗa suka yi ja, jijiyar wuyanta ta miƙe, haƙoranta suka huda mayafin, amma ba ta tanka ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba. Da ƙafarta ta taka tudu kuwa, ta tofar da mayafin ta juyo ta ba shi amsar kowace magana bi da bi, da ƙarin bayani, har ƙwaryar ta nutse da shi zuwa ƙirji, ga shi ba fasinja a ciki.

Gaba kaɗan suka shiga Filin Jira. Nan duk irin da aka shuka a duniya ya ƙi fitowa yake zaune. Ga gero, ga dawa, ga kuɓewa, ga ƙwallon mangwaro, kowanne ya yi girman mutum, sun baje tabarmi a inuwa suna fifita. Suka tarbe ta da fara'a.

"Maraba da Hajiya! An sha hanya. Zauna ki huta."

Duƙusa ya ja mayafinta ya ce duk wanda ya zauna a nan ba ya sake tashi. Amma gwiwoyin Hajiya sun yi nauyi, tabarmar kuma sabuwa ce, ga iska mai daɗi. Ta tambaye su me suke jira.

Wata tsohuwar ƙwayar dawa ta ce, "Muna jira al'amura su daidaita. In ka fito, tsuntsu. In ka tsere wa tsuntsu, akuya. In ka tsere wa akuya, lauje. Mun kafa kwamiti yana nazari."

Hajiya ta ji maganar ta shige ta, don ita ma ta gaji da tsuntsu da akuya. Har ta sunkuya, tafinta ya taɓa tabarma, wani barci mai sanyi ya fara hawa hannunta. Sai wani ƙwallon giginya ya ce, "Dama waɗannan 'yan tsirarun da aka wuce da su, rawar kai ce ta fito da su. Ga shi za a daka su."

Ta miƙe zumbur. "A daka wa?"

Duƙusa ya sunkuyar da kai ya ce gara su yi sauri.

A ƙofar Birnin Ƙurya wani mai gadi mai ido ɗaya a goshi ya gitta mashi. Dokar birnin ita ce, duk abin da ba shi da amfani, mutum ne ko kaya, wuta ake sa masa. Ya ce, "Ya ke baƙuwa, mene ne amfaninki?"

"Ina gyara wa marasa kunya zama. Ɗauke sandan nan, kuma in babba na magana ka daina sosa hanci."

Ya ɗauke.

A tsakar fada ta gan su. Ƙasar aljannu ba ta san jira ba, 'yan tsiron da aka ɗauke jiya-jiya da kunnuwa biyu sun kai gwiwa, sun yi rassa, kowane reshe da toho a dunƙule. Sai dai an kewaye su da turame da duwatsun niƙa da rariya, ga buhuna wayam an jibge har rufi, ga matan aljannu sun ci ɗamara riƙe da taɓare. Can gefe an kafa manyan kasake, man suya yana ƙauri. Sarki Gandau na kan karaga, rawaninsa wani maciji ne da ke gyara naɗinsa da kansa.

"Ya ke 'yar Adam," in ji Sarki, "kin zo a kan gaɓa. 'Yata ta tare a gidan sarautar Dutsen Bakwai, yau dangin ango za su zo karɓar gara. Sun ce su sun waye, ba sa son gero da dawa, sai fulawa irin ta bil'adama, wadda ake cincin da fanke da burodi da ita. Faɗa mana, ta ina garin yake fitowa? Ta ganye, ko ta saiwa?"

Hajiya ta dubi turame, ta dubi buhuna, ta dubi 'yan shukokinta. Ta dafe ƙirji.

"Ranka ya daɗe, wane jahilin ne ya ba ka wannan shawara?"

Duƙusa ya fito. "Da kunnena na ji, Allah ya ja zamaninka! Ta ce, fulawa na shuka, sai na cika gidan nan da ita. Na ce abin da zai cika gida ai zai cika buhu."

"To da ka tsaya ka ji ƙarshen magana, ai ba a laɓe rabi. Fulawa biyu ce. Akwai ta buhu, wadda ake niƙawa daga alkama. Akwai ta ƙasa, mai fure. Turawa ne suka bar mana kalmomi biyu, bakinmu ya haɗe su ya zama ɗaya. Kowane yaro ɗan aji biyu ya san wannan. Ku da kuke tafiyar shekara a ƙiftawar ido, ba wanda ya iya zuwa kanti ya tambaya?"

Fada ta ɗauki guna-guni. Macijin rawani ya fasa kai. Sarki ya ce, a hankali, "Wannan ta ƙasar, me ake yi da ita?"

"Kallo."

"Sannan a ci?"

"Sannan a sake kallo."

"Ana asiri da ita? Tana korar sauro? Ana ba doki?"

"Ranka ya daɗe, na ratso saiwa da tafasasshen kogi, ashe Delu zan tarar a kan karaga. Ba ta yin komai. Tana fitowa, ta yi kyau, ta bushe."

Sarki ya miƙe, ƙasa ta girgiza. "Abu mara amfani a tsakar fadata, ranar da surukai za su zo! A kawo wuta!"

Dogarai suka taho da bakin wuta. Hajiya ta tsallake turmi ta shiga tsakiyar shukokin ta ware hannuwa. Zafin ya fara murɗe ganyen gefe, ta ji ƙaurin gashin girarta. Ta ce su fara da ita, kuma ta rantse ko ta zama toka sai ta shiga idon kowannensu. Dogaran suka tsaya suna duban Sarki, don ba su saba itace ya yi musu rashin kunya ba.

Ana cikin haka aka ji guɗa. Dangin ango suka shigo, a gabansu gwaggon ango, Gwaggo Zabaya, wata gabjejiyar aljana da sai da ta karkata kafin ta shige ƙofa, awarwaronta macizai ne na azurfa. Ta bi buhunan da kallo, ta sa ƙafa ta taɓa ɗaya, ya faɗi shakaf.

"Gandau, ina garar? Ko 'yar taku marainiya ce ba mu sani ba?"

Daidai nan zafin wutar ya sa toho ɗaya ya fashe. Fure ya buɗe, ja kamar garwashi, bakinsa ruwan ɗorawa, irin dai wanda Hajiya ta saba gani a ƙofar Rifkatu. Ta waiwaya ta ga ko akwai wanda abin ya taɓa. Babu. Wani dogari yana hamma, wata mai taɓarya tana tambayar ko nan ne garin yake.

Sai Hajiya ta haɗiye abin da ke ranta, ta yi abin da ta tsana, wato magana da mutane daidai hankalinsu. Ta dubi Gwaggo Zabaya sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, an ce mini kun waye. Fulawar buhu ai garar talakawa ce, ko mai shayi yana da ita. A wurinmu, gidan da ya gama da yunwa shi ke shuka abin da ba a ci. Ki je unguwar manya ki gani, fili guda, ruwa safe da yamma, da ma'aikaci, kuma ko ganye ɗaya ba ya shiga tukunya. Da haka ake gane an ƙoshi. Sarki ya ɗauka kun kai nan. In ba ku kai ba, ba laifi, a auno muku gari."

Gwaggo Zabaya ta saci kallon tawagarta, ta gyara mayafi.

"Wa ya ce ba mu sani ba? Gwada ku nake yi. Mu a Dutsen Bakwai tun tuni muke kallo." Ta matso ta ƙura wa furen ido, ta karkata kai, ta yi wani nishi. "Kai, wannan ya kallu. Ba shi da amfani ko kaɗan, ko?"

"Ko na anini."

"Masha Allah!"

Nan take fada ta rikice. Waɗanda ɗazu ke hamma suka riƙa ture juna suna kallo, kowa na cewa shi dama ya gane tun farko. Sarki ya sa aka kashe wuta, ya ce dokar ƙona mara amfani ba ta shafi abin da rashin amfaninsa ya yi tsada ba. Hajiya ta tsaya tana huci. Ta ceci furen Rifkatu, amma a hannun taron da ba wanda ya ga kyansa.

Gwaggo Zabaya ta tafa hannu. "A tuge su duka a ɗora wa raƙuma."

"A tuge uban wa?" in ji Hajiya. "Nawa ne. Sato su aka yi daga gidana, ga ɓarawon nan tsaye da gemu a ɗamara. Ranka ya daɗe, in akwai shari'a a ramin nan, a yi ta yanzu."

Sarki ya dubi surukarsa, ya dubi matar da ta fitar da shi kunya, ya yi gyaran murya. "Ya ke 'yar Adam, kin yi gaskiya. Kaya na mai shi ne. Ɗebi abinki, Duƙusa zai mayar da ke ta gajeriyar hanya. Surukai kuma ni na san yadda zan yi da su."

Hajiya ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Ta sa yatsa a gindin shuka ta farko ta tona a hankali. Ta tona har wuyan hannu, har gwiwar hannu, saiwar ba ta ƙare ba. Ta gwada ta biyu, haka. Sun kama ƙasar nan kamar a nan aka haife su, ga su kuma da toho. Ta san abin da kowane mai shuka ya sani, wadda ta kai haka in aka ɗaga ta, kafin a isa ƙofa ta yi yaushi, kuma ba za ta ba da iri ba. In ta kai su gida, gawa za ta kai.

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta mayar da ƙasar, ta danna da tafi, ta miƙe ta karkaɗe zaninta.

"Ba mai tuge su. Ba ke ba, ba ni ba. Za su zauna nan har furen ya bushe ya yi iri. In ya yi, ni zan fara ɗiba, abin da ya rage a kai Dutsen Bakwai, shi ne gararku. Mai son kallo kafin nan ya zo da ƙafarsa, ya tsaya daga nesa."

Gwaggo Zabaya ta ce dama haka manyan gidaje ke yi. Sarki ya yi murna ya ce za a naɗa hakimi na musamman ya kula da su, Hajiya ta koma gida ta huta.

"In bar su a hannunku? Ku da kuka jera musu turmi? Wa ya ba su ruwa yau?"

Wata kuyanga ta ɗaga hannu a tsorace, ta ce ita ce, kuma don girmamawa da romon kan sa ta shayar da su.

Hajiya ta rufe ido, ta yi salati, ta buɗe. Ta cire mayafinta ta ɗaure ƙugu da shi. Ta sa aka kwashe turame da kasake, ta aiki Duƙusa ya nemo gwangwani da ƙusa, ta ce ya biya ya gaya wa Delu ta riƙa leƙa mata gida, ba ta san ranar dawowa ba. Sannan ta ɗaga kai tana neman ta inda haske ke shigowa. Ranar Birnin Ƙurya 'yar ƙarama ce, wani ƙato ke ɗauke da ita a kan tire, kuma bisa al'ada a bayan karaga yake tsayawa don Sarki ya yi kwarjini. Inuwar Sarkin kuwa ta sauka sak a kan shukokin.

"Ranka ya daɗe, tashi."

Tun da aka kafa birnin ba a taɓa gusar da karagar nan ba. Wazirin aljannu ya matso ya ce, "Ya ke 'yar Adam, Sarki ne fa."

"Na gan shi. Ya tare musu rana."

Sarki Gandau ya dubi surukarsa, ita kuwa ta kafe furen da ido tana ta nishin wayewa. Ya tattara babbar rigarsa, ya kama hannun karagar ɗaya, Waziri ya kama ɗayan.

"Ƙara gaba," in ji Hajiya Tabawa. "Har yanzu rawaninka na kan ta gefen."